Cokali Uku na Baƙon Dare

Ni Batula mai shayi, a Mai Wurno,
gindin dalbejiyar tasha, inda ake jin iskar Nilu,
shekara ashirin da ɗaya ina auna sukari:
cokali uku ga direban Sinnar,
ɗaya ga malamin makaranta, don likita ya ja masa kunne,
rabi ga wanda ya zo da bashi a baki.
Ban taɓa auna wa maƙiyi ba sai bana.

Sauron garinmu ya daina jin magani.
Feshin da aka yi wa auduga, kakanninsa sun sha,
shi ya gaje shi kamar kunun safe.
Ya sauka kan bangon da aka fesa
ya miƙe ƙafa, sai ka ce mai gida.
Daminar bara ya ɗauke mini Mahajub,
ɗan ɗiyata, haƙori huɗu a bakinsa.
Kwana uku jiki kamar butar da na manta a wuta,
na huɗu muka naɗe tabarmarsa.

Sai ga Awadiya ta ofishin lafiya,
mayafinta duk laka, ta ja kujerar ƙarfe ta zauna.
Ta ce, Inna, jini ba shi ne tuwonsa ba.
Macen ke nemansa don ƙwai,
amma in fiffike ya gaji, mace da namiji
zaƙi suke bi: furen bagaruwa,
gwaibar da ta faɗi ta fashe.
Maganin bango ta ƙafa yake shiga, ya koyi sa takalmi.
Wannan ta ciki zai bi.

Ruwan dabino da ya kwana biyu ya fara tsami,
sukari, da wani farin gari da ta auna da hannunta,
ba ta bar ni na taɓa ba.
Hamadu mai amya ya leƙo ta katanga:
ƙudan zumana fa?
Ta nuna masa ragar da ta rufe bakin gorar,
ta ce tsinin sauro kaɗai ke wucewa.
Ya tafi yana gunaguni. Har yau yana duba amyarsa da asuba.

Muka rataya a ƙarƙashin indararo,
inda hannun yaro ba ya kai.

Ban iya ƙirga gawar sauro ba,
Awadiya ce mai littafi, ta ce a jira kaka ta wuce.
Ƙanwar Mahajub har gobe cikin gidan sauro take kwana,
ina cusa gefensa ƙarƙashin katifa sau biyu.

Abu ɗaya ke damuna.
Daren farko, da na ɗaure igiyar na sauko daga turmi,
bakina ya riga ni,
ya ce wa duhun tsakar gida abin da yake ce wa kowane baƙo:
bisimilla, ga shi nan, tun bai huce ba.