Kashi Uku na Iska

Mun kafa tanti ran Juma'a da la'asar
a bakin wata maɓuɓɓuga, can arewacin Florida.
Bishiyoyi tsaye da ƙafafu cikin ruwa,
gemunsu mai furfura yana lilo,
kamar dattawan da ba su gama shawara ba.

Da dare wani ɓarawo mai kwalli a ido
ya kwance ƙullin burodinmu da 'yan yatsunsa.
Jikana Teague ya ce a ƙyale shi, baƙo ne.
Na ce a'a, mu ne baƙin.

Da safe Corliss ta baje kayanta kan tebur:
tukwanen iska biyu, tocila uku, wuƙa, naɗin igiya.
Ta ƙirga, ta sake ƙirgawa, leɓenta na motsi.
Ni na koya mata wannan ƙirgar
kafin kunnena na hagu ya fashe,
likita ya ce, Wendell, kai da zurfi sai a mafarki.

Ki raba iskarki uku, na ce mata tana 'yar sha shida.
Kashi ɗaya na tafiya,
ɗaya na dawowa,
na ukun kuwa ba naki ba ne,
na abokin nutsonki ne, ran da tasa ta ƙare.
Kada ki saki igiya. Kada ki taɓa laka,
in laka ta tashi, rana ta faɗi ke nan a kogo.

Ita da Ignacio suka nutsa.
Ruwa garau, ana iya ƙirga tsakuwar ƙasa.
Bakin kogon, baƙi wuluk kamar ƙwayar ido,
ya haɗiye haske na farko, ya haɗiye na biyu.
Kumfa ta ɗan taso. Ta daina.
Tara da minti goma.

Mai jira ba ya rasa aiki.
Teague ya yi tsalle ciki ya fito da ihu,
haƙora na kaɗawa, yana cewa saura ɗaya.
Muka tura kwalekwale zuwa inda ruwan maɓuɓɓuga
ke gamuwa da kogi mai launin shayi,
suna tafe kafaɗa da kafaɗa, ba su gauraya ba tukuna.
Kififiya huɗu kan gungume, kwanonin da aka kife.
Wani ayu ya ratsa ƙarƙashinmu,
da tabon farfela a gadon bayansa,
ya ɗago hanci, ya ja numfashi ɗaya, ya koma.
Teague ya ce, Kaka, shi ma uku yake rabawa?

Ban amsa ba.
Ƙarƙashin saiwoyin nan, ƙarƙashin tantinmu,
da titi, da gonar kankanar Pruitt,
'yata tana tafiya cikin dutse
da yatsa biyu a kan zare.

Goma da rabi ta ce. Goma da rabi ta wuce.
Ina zaune kan matakalar katako,
filafili a cinyata, na damƙe shi kamar zai gudu.
Dā ni ke ƙasa, mahaifiyarta ke zaman nan.
Ban taɓa tambayarta abin da take kallo ba.
Ashe ruwa ne kawai, lumui, ba ya cewa uffan.

Sai kumfa. Ɗaya, sannan tuli, kamar tukunya ta tafasa.
Haske can ƙasa. Wani a bayansa.
Suka dakata rungume da gungume
har jiki ya huce da nauyin zurfi,
ta ɗago hannu ta yi mini da'ira da yatsu.

Ta fito da shatin gilashi a goshi,
ta ce laka ce ta zubo daga rufin kogo,
suka biyo igiya da lalube.
Na saci kallon ma'aunin iskarta.
Kashi na uku na nan, ba a taɓa shi ba.

Da dare na dafa wake, ya kama.
Ta cinye, har ta kankare ƙanzon.
Mujiya na ta tambaya daga ƙetaren ruwa,
na juya mata kunnen da ba ya ji.