Na Goma Sha Biyu

Goma sha ɗaya gare ni.
Suna cikin gwangwanin alewa a ƙarƙashin gado,
tare da takardar filina na Arkilla.
Baƙi da fari ne duka,
kowane da huda huɗu a kusurwa
inda ƙusa ta riƙe shi a allon silima, bayan ragar waya.

Na farko, mutum cikin malafa da doguwar kwat,
ruwa na zuba, fitilar titi ɗaya tak.
Na huɗu, mace riƙe da kan tarho,
ba magana take ba, sauraro take,
hayaƙin tabarta ya tsaya cak shekara hamsin.
Na bakwai, takalmi ɗaya a kan matakala.
Mai shi na ƙasa. Ba a nuna shi ba.

Ina ɗan sha uku na ga rabin fim ɗin.
Sule biyu na zare daga kuɗin cefane,
na zauna bencin gaba, sama ba rufi,
jemagu na ratsa hasken injin.
Mai bincike ya tara su a falo, ya ɗaga yatsa,
sai hadari ya taso daga gabas.
Farin bango ya koma bango.
Muka watse, takalma a hannu.
A gida na sha dorina, biyu babu,
da safe fim ya hau motar Gusau.

Arzika mai injin ya san wanda ya yi kisan.
Na same shi a Rijiyar Ɗorowa, idanu sun tafi.
Ya ce, "Dubu na haska, mi za ni tuna?
Wanda duk ka yawan murmushi, shi na."
Na koma na duba.
Mutum uku ke murmushi.

Sai na zama ɗan sandan ciki da kaina.
Biyar a akwatin ƙarfen Arzika, gara ta fara ɗanɗana su.
Ɗaya a Tsohuwar Kasuwa, ƙarƙashin tulin kilishi,
mai ya bar tabo a ƙirjin matar kamar harbi.
Biyu wani direba ya kawo daga Ƙwanni,
ya karɓi kuɗin tunkiya bai ƙifta ba.
Sauran, kada a tambaye ni.
A bayan na tara akwai babban yatsa da baƙin mai,
na Arzika ne.
Ita kaɗai ce shaidar da zan iya rantsuwa a kai.

Silimar sito ce yanzu, siminti ake jibgewa.
Jikata Luba ta ce, "Kaka, ba ni sunan fim ɗin
in nemo maka a waya kafin shayinka ya huce."
Ina zan samo suna?
An datse rubutun ƙasa da almakashi don hoto ya shiga allo,
ni kuwa ran nan duka ya kore min kome.

Larabar da ta wuce na je aski Marina.
Nomau ya juya min kai hagu,
sai ga huda huɗu a jikin taga.
An toshe fasasshen gilashi da shi, fuskarsa na kallon titi.
Ya ce haka ya gaji shagon.

Na ɓamɓare shi a hankali, rabin kaina da suma.
Ga falon. Ga yatsan a miƙe.
Ga ankwa, ga hannu biyu a ciki.
Inda fuska take kuwa, fari fat.
Ranar Sakkwato ta riga ni zuwa,
ta ɗauke shi kaɗan-kaɗan, kowace azahar,
ba beli, ba shari'a.

Na biya ɗari biyar, na kawo kwali aka toshe tagar.

Bayan isha'i na jera su a tabarma, sha biyu cif.
Na zauna ban ce uffan ba.
Luba ta duƙa da tocila, ta daɗe,
ta ce, "Kaka, dubi hannun nan. Akwai zobe."

Na lalubo tabarau.
Muka koma na farko.