Matakala Ɗari Biyu da Sha Huɗu

Talata, ƙarfe goma da kwata,
muna tsakiyar darasin rabawa,
jiniya ta tsaga ajin gida biyu.
Yara talatin da ɗaya suka shige ƙarƙashin tebura
kamar kaguwa ta ji sawun masunci,
kowa ya kama ƙafar teburinsa,
wasu na ƙunshe dariya.
Atisaye ne, sun sani.

Makarantarmu tana kudancin Chile,
bayanta dutse, gabanta teku,
tekun da ke ciyar da iyayensu
amma bai taɓa yi wa kowa alkawari ba.

Ma'aikatar ilimi ta aiko mana kundi
mai shuɗin bango, shafi tamanin,
da taswira mai korayen kibiyoyi.
Shafi na tara ya ce a taru a filin wasa.
Don Anselmo Paillán, mai sharar makaranta,
ya sa tabarau, ya bi layin da yatsa,
ya zaro fensir daga bayan kunne ya soke shi.
"Filin nan," in ji shi, "nan teku ke fara lasa."
Yana da shekara bakwai ya ga ruwa ya janye,
kifi na tsalle a kan yashi tsirara,
mutane suka ruga da kwanduna.
Ba ya ƙarasa labarin.
Sai dai ya nuna dutse da haɓa.

Matakala ɗari biyu da sha huɗu.
Ni ke ɗaukar jaka mai ruwan goro:
usur, tocila, bandeji, rediyo mai batir,
biskit da muke canzawa duk wata shida,
da rajista, wadda ta fi komai nauyi.
Amaro ba ya taka ƙasa,
kekensa kuma bai san hawa ba,
don haka sunayen masu goya shi
suna manne a ƙofa, na yau da na gobe,
da na ranar da na yau bai zo ba.

A matakala ta sittin takalmin Rayén ya zame.
Ta juya.
Tsohon ya tare ta da sandar tsintsiya.
"Teku ba ya jiran mai neman takalmi."
Ta hau da safa ɗaya jiƙe, tana kuka,
ta ƙi gaishe shi har mako ya zagayo.

Farkon shekara minti sha tara muke yi.
Ran nan agogonsa ya ce sha ɗaya.
Ya taɓe baki: "Da saura."
Wani uba ya rubuto mini
wai muna ɓata lokacin karatu da hawan dutse.
Na rubuta amsa, na yage,
na sake rubuta layi guda:
ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai wani dare cikin Yuli, sanyi na yanka,
ƙarfe uku, kofuna suka fara magana a kan kanta,
gado ya zama kwalekwale.
Babu aji, babu ƙararrawa, babu ni a gaban allo.
Na hau cikin duhu da bargo a kafaɗa,
bakina na ƙirga matakala shi kaɗai.

A sama na tarar da su.
Rayén ba takalmi, tana jan hannun kakarta.
Amaro a bayan yayansa.
Uban da ya rubuto wasiƙa yana haki,
ɗansa na ce masa, "Baba, kada ka waiwaya."

Na manta rajista a makaranta.
Na kira sunayen da ka, murya na rawa,
ana amsawa daga nan, daga can, daga ƙarƙashin lema.
Talatin.
Na sake.
Talatin da ɗaya, yana barci a kafaɗar uwarsa.

Ruwa bai zo ba a daren.
Gari ya waye, teku kwance kamar bai san zancen ba.
Don Anselmo ya duba agogo,
bai ce komai ba,
ya sauka neman tsintsiyarsa.