Mai Sharar Tsakuwa

Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar gari,
titi ya kwanta shiru kamar an yi masa allura.
Babu A-Daidaita-Sahu, babu ihun ɗan kamasho.
Ni ne farkon zuwa, da tsintsiyar kwakwa
da buhun robobin lemo cike da yashi,
su ne alamominmu, karo-karon bai kai mu sayi na kanti ba.

Daga gidan man da aka rufe
zuwa gindin darbejiya ta bakwai
mita ɗari uku ne, in ji Malam Tasi'u.
Ni da ƙuguna na auna.
'Yan duba-gari sun wuce suna sa mini albarka,
sun ɗauka Kano nake yi wa.

Ƙusa ba ta ba ni tsoro, ko fasasshiyar kwalba,
waɗannan suna nuna kansu.
Tsakuwa nake nema, 'yar mitsitsiya kamar ƙwayar dawa,
irin wadda ta ci haƙorin Shamwilu bara.
Wanda bai ga ɗansa ya tashi sama ba fiffike
ya sauka a kan haɓa ba,
bai san nauyin tsakuwa ba.

Ga su nan tafe, takalman taya rataye a wuya,
gwanjon Ƙofar Wambai ne kusan duka,
wani na damansa shuɗi, na hagu baƙi.
Daren jiya na kwance tayoyin nawa yaron, takwas,
na wanke boris da kananzir,
na ɗiga man keken ɗinkin uwarsa, ba ta sani ba.

Maman Chidera ta baro Sabon Gari tun kafin a rufe hanya,
da kular ruwan sanyi, da auduga, da aidin.
Alhaji Sagiru, mai shago uku a Kwari,
ga shi tsugune yana ɗaure wa ɗan wani hular kwano.
Lami ce da agogo da littafi,
ko ɗan autanta ba ta yafe wa daƙiƙa.

"Ku lanƙwasa gwiwa! A tura gefe!
Kai, Nafi'u, rawa kake ko gudu?"
Sau goma a sandare, sau goma a kewaya,
har gumi ya zana taswira a bayan riguna.

Sai aka ba ni jar tuta, aka ce kwana ta uku.
Dokar ƙungiya guda ce, kowa ya haddace:
mai riƙe da tuta ba shi da ɗa.

Usur.
Ƙarar taya kamar ruwan farko a kan kwano.
Na ƙirga su da ido, na haɗiye sunansa,
ya wuce ni na biyu, kai a ƙasa, hannu a baya,
iskarsa ta taɓa mini wando.
Ina shirin bin sa da kallo
Nafi'u ya zube a gabana.

Na ɗaga tuta, na ɗauki ɗan mutane,
gwiwarsa tana jini, yana cewa takalmina, takalmina.
Can ƙarshen titi aka ɓarke da sowa.
Ban waiwaya ba. Ban san ta wa ba ce.

Da aka tafi da shi wajen aidin, na durƙusa na laluba,
na same ta. Fara, mai tsini.
Nan na share ɗazu, sau biyu.

Shamwilu ya dawo yana haki, giɓinsa a waje:
"Baba, ka gani? A kan layi na kamo ta!"
Na ce, ba ni labari tun daga farko.

Ƙarfe goma gari ya farka, hon ya karɓe titinsa.
Muka kwashe robobi.
Tsakuwar tana aljihuna.
A shago ina da gwangwanin madara,
ta zama ta goma sha ɗaya.