Minti Goma Sha Tara

Shekara huɗu ƙanena Dairu ya yi
a ɗakin bayan shagon fenti, Rumde Ajiya,
gilashin taga a kan akwati, ƙwan lantarki a ƙarƙashi,
takarda bisa takarda.
Zane goma sha biyu, in ji shi, kafin daƙiƙa ɗaya ta cika.
Na ce, wannan ciwo ba shi da asibiti.

Daren da aka haska a bangon makaranta
mutanen Garwa sun zo da 'ya'yansu,
an ce musu katun ne.
Kafin minti biyar mata sun fara jan yara waje:
babu zomo mai magana,
sai wani tsoho da bashi ya cinye wa kwalekwale.

Zan faɗi gaskiya ko da ɗan'uwana ne.
Baki yana motsi, magana tana biyo baya
kamar baƙon da ya makara.
Hancin mai bin bashi ya sauya sau uku.
Kasuwa guda, mutum shida,
biyu tagwaye ba da niyya ba.
Launi ya ƙare inda sefa ta ƙare,
daga minti sha huɗu ruwan Binuwai ya koma tokar fensir.
Har da tabon shayi a sama, yana tafe da gajimare.

Amma da tsohon ya sunkuya zai ɗaure igiya,
ya ɗaga kafaɗar hagu kafin ta dama,
sai jikina ya yi sanyi.
Ba a taɓa ɗaukar Baba yana motsi ba.
Kyamara, sai abin da ke gabanta.
Fensir kuwa har bakin kabari yake zuwa ya yi sallama.

Layin yana rawa.
Wani a bayana ya ce rashin gwaninta ne.
Ban waiwaya ba.
Na san hannun da ya yi rawar,
na kuma san a wurin wa ya gaje ta.

An tafa, kaɗan.
Mai tura finafinai a waya ya tambaya
ko akwai faɗa a kashi na biyu.
Dairu yana naɗe wayar majigi a gwiwar hannu,
yatsunsa baƙi ƙirin,
ya ce mini: tafiyar Inna ce ta gagare ni,
gobe ki zo ki yi mini ita a tsakar gida.