Sunan Aro

Rumfata taku uku ce a Taminus,
tsakanin mai caja da mai gasa masara.
Nan nake buɗe cikin wayoyin mutane,
in ga abin da na gani, in haɗiye.
Wanda ya koya mini aikin cewa ya yi:
"Tasi'u, mai gyaran waya ungozoma ne,
hannu ya shiga, baki ya yi shiru."

Da dare kuwa, in sanyin Jos ya sauko
ya kore mu daga bakin titin Gangare,
sai in tuɓe Tasi'u in rataye a ƙusa,
in zura sunan aro: Hadarin Shere.
A can ni injiniya ne. Har da mota.
Ƙaryar ta zo mini ƙarama, kamar ɗan kyanwa,
na yi ta ba ta abinci har ta cika ɗaki.

Akwai wani mai kiran kansa Kurman Dutse.
Wata tara muna hira ban san fuskarsa ba,
ban san ko Juma'a ce tasa ko Lahadi ba,
a garin da ake auna sunanka kafin gaisuwarka
a gaya maka unguwar da ba ka kwana.

Shi ya faɗa mini an sallame shi tun watan Maris.
Kullum yana goge takalmi, ya sa kwat, ya fita,
ya zauna a inuwa har rana ta yi sanyi
don kada matarsa ta sani.
Ni kuma ina ba shi haƙuri
daga cikin motar da ba ni da ita.

Ran Talata ana tsuga ruwa
wani ya faɗo rumfa, kwat ta jiƙe sharkaf,
takalmi kuwa sai ƙyalli.
"Gilashin ne ya fashe. Nawa?"
Na faɗa. Ya ƙirga kuɗi, ya sake ƙirgawa.
Na rubuta a rasit: Dalyop.

Na sa sabon gilashi, wayar ta farka,
sai ga saƙo ya hau fuskarta, ban nema ba:
"Daure, ɗan'uwa, ka zo ofishina wata rana."
Maganata ce ta daren jiya.
Sukudireba ta suɓuce mini ta faɗa kwata.

In na ce ni ne, na kware masa baya,
don duhu ya ba ajiyar, ba ni ba.
In na yi shiru, ga fuskarsa da sunansa a aljihuna,
shi kuwa me ya riƙe nawa?
Hayaƙi.

Na karɓi kuɗin gilashi, na bar na aiki.
Ya yi godiya, ya koma cikin ruwa.

Daren nan tuwo ya ƙi wucewa.
Na rubuta, na goge. Na rubuta, na goge.
Can wajen ƙarfe ɗaya na tura:
"Ba ni da ofis. Ba ni da mota.
Sunana Tasi'u, gyaran waya nake yi.
Naka sunan naka ne, ba bashi nake bi ba.
Abin da ka ba ni ajiya yana nan yadda yake."

Ya karanta. Ya fara rubutu. Ya fasa.
Na ji karnukan Gangare sun gama haushi,
na ji motar farko ta nufi Farin Gada,
na ji ladan yana gyara murya.

Sai wayar ta motsa a ƙirjina:
"Gilashin ya yi kyau, Tasi'u.
Bencin rumfarka yana ɗaukar mutum biyu?
Na gaji da zaman inuwa ni kaɗai."

Yau na fito da wuri.
Na share rumfa, na goge benci,
na ce wa mai masara ta ajiye biyu.
Har yanzu dai bai zo ba.
Ido na kan takalman masu wucewa.