Matakala ta Hamsin da Takwas

Shekara talatin ina jan taragon nan,
akwatin katako a bakin igiyar ƙarfe,
mai kwasar mutanen Valparaíso daga bakin teku zuwa kan tudu.
Na san kukan kowace ƙusa a jikinsa.
Amma jikana Amaro, ɗan shekara biyar,
na rasa ƙofar da ake shiga wurinsa.

In na kira sunansa, gwiwata yake kallo.
In jirgin ruwa ya yi ƙugi a tasha,
sai ya toshe kunnuwa, ya tsuguna,
yana rangaji kamar kwalekwalen da aka ɗaure.
Likita ta ce otizim ne.
Uwarsa Ximena ta ninke takardar gida huɗu,
ta cusa a gwangwanin shayi,
ta yi kukanta a kicin, ba sauti.
Ni kuwa na ce taurin kai ne, zai wuce.
Allah ya yafe mini wannan magana.

Malama Eliana ce ta gyara mini zama.
Gajeruwa, mai jan takalmi.
Ta zo ran Talata, ba ta ce masa uffan ba,
ta zauna a ƙasa, ɗan nesa da shi.
Yana jera marafan kwalba, ita ma tana jera nata,
har minti arba'in.
Na ce a raina, wannan kuɗinmu kawai take ci.
Da za ta fita ta ce, me yake so?
Na ce, ba ya son komai.
Ta ce, a'a, Eleodoro, sake duba.

Na sake dubawa.
Ashe matakalar unguwarmu ce,
ɗari da sittin da biyu daga gidan burodi zuwa ƙofarmu.
Yana taka kowace da ƙafar dama tukuna,
leɓensa na motsi.
Wadda ta tsage, sai ya tsaya ya shafa ta
kamar mai gaida mara lafiya.

Muka sayo alli.
Kowace safiya, tun karnuka ba su miƙe ba,
ina duƙe ina rubuta lamba,
gwiwoyina na ƙara kamar tsohon taragona.
Ruwan Yuli ya wanke, mu sake.
A bangon kicin Malama ta manna hotuna a jere,
burodi, takalmi, matakala, wanka,
don ya san abin da ke tafe kafin ya iso.
Ni kuma jira ta koya mini.
Yi tambaya, ƙirga goma a zuci,
kada ka cika masa shirunsa da bakinka.
Ni da na tsufa cikin fasinjoji masu gaggawa,
goma ta yi mini tsawon shekara.

Ba kowace rana ke tafiya ba.
Ranar da maƙwabci ya mai da shuɗin gidansa rawaya,
Amaro ya kwanta a titi yana ihu,
wata mata ta ce ba a ba shi tarbiyya ba.
Na sungume shi, ya gatsa mini cizo a kafaɗa.
Tabon na nan.
Da dare muka zana gidan sau biyu, shuɗi da rawaya,
ya yaga rawayan.
Sai bayan mako uku ya bar shi a bango.

Wata safiya hazo ya rufe teku,
idona bai gani sosai,
na rubuta hamsin da bakwai, na tsallaka hamsin da tara.
Na ji an ja hannun rigata.
Na ce, mene ne?
Na fara ƙirgawa.
Ɗaya. Biyu.
Tsuntsun teku ya gifta.
Shida. Bakwai.
Sai wata murya mai tsatsa,
kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba,
ta ce, takwas.

Na zauna daɓas a kan simintin nan mai sanyi.
Shi ko ya karɓi allin, ya gyara, ya wuce,
ƙafar dama tukuna.

Har yau bai ce mini kaka ba.
Ina ta yin kuskure da gangan,
wani lokaci a ta goma sha ɗaya, wani lokaci can sama.
Ina jin ya gane.
Yana dai gyara mini.